Na ce na haƙura, to me ya sa kukan yake dawowa?

Maman Amir:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai tambayar da na daɗe ina juyawa a raina, yau dai na ce bari in faɗa ko na ji sauƙi. Ɗana yana da lalurar shanyewar jiki wadda ta samo asali daga ƙwaƙwalwa, shawara ce ta yi masa tsanani yana jariri. Shekararsa bakwai. Ba ya tafiya, maganarsa kuwa mu na gida kaɗai muke ganewa. Na yi kukan da zan yi tun farko, na share hawayena na rungumi ɗana, har ana kafa misali da ni wajen haƙuri. To da aka koma makaranta na ga sa'o'insa sun rataya jaka sun wuce, sai abin ya dawo mini ɗanye shar kamar ranar da likita ya faɗa mana. Kukan ma bai dame ni ba kamar tunanin cewa ashe haƙurin da nake ta yi na fatar baki ne. Akwai wanda haka take faruwa da shi, ko dai ni ce imanina ya yi rauni?

Ummu Salma:
Wa alaikumus salam. Maman Amir, kamar kin leƙa zuciyata. Tawa 'yar tana da lalurar Daun, wadda ake haifar yaro da ita take sa shi jinkirin fahimta, ta kai shekara goma sha tara. Sai in yi wata da watanni lafiya ƙalau, muna wasa muna dariya, har in manta ana kiran abin lalura. Ranar da ƙanwarta ta riga ta iya karatu na yi kuka. Da aka fara maganar auren sa'o'inta na sake yi. Ban taɓa daina sonta ba, kuma ban taɓa jin na gama da wannan baƙin cikin ba. Tare suke zaune a ƙirjina.

Abu Hafsa:
'Yar'uwa ki yawaita istigfari, Shaiɗan ne yake son ɓata miki ladan da kika tara. Allah ya zaɓe ki ne don ya san za ki iya. Wasu haihuwar suke nema ido rufe ba su samu ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ki gode wa Allah ki daina wannan tunanin.

Ummu Salma:
Malam Abu Hafsa, na san alheri kake nufi, amma wallahi wannan “Allah ya zaɓe ki” ta fi komai rufe mana baki. Da zarar an faɗa maka ita, ba ka da damar cewa ka gaji. Ina ce ita ma ba ta ce za ta yar da ɗanta ba? Cewa ta yi zuciyarta ta yi nauyi.

Abu Hafsa:
Hajiya, to in ba haƙuri za mu ba ta ba, me za mu ce? Mu ce ta ci gaba da kuka?

Malam Mai Allo:
Assalamu alaikum. Ɗan'uwa Abu Hafsa, bari mu koma Suratu Yusuf. A aya ta 18, lokacin da aka kawo wa Annabi Yakubu rigar ɗansa da jinin ƙarya, ya ce haƙuri mai kyau zai yi. Shekaru suka wuce. Da aka zo masa da labarin an tsare Binyaminu, a aya ta 83 ya sake faɗar wannan kalma ta haƙuri mai kyau. Aya ta gaba, ta 84, me ta ce? Ya juya musu baya ya ce ya baƙin cikina a kan Yusufu, idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki. Ku lura, sabon rashi ne ya tayar da tsohon. 'Ya'yansa suka zarge shi da cewa ba zai daina ambaton Yusufu ba har ya halaka, sai ya ce musu ga Allah kaɗai yake kai kukansa. Allah bai aibata shi ba ko kaɗan.

Haka Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗar abin da ba zai yardar da Ubangijinmu ba. Yana cikin Bukhari. Abin da aka hana shi ne fushi da hukuncin Allah da munanan kalamai. Maman Amir, a abin da kika rubuta ban ga ko ɗaya ba.

Maman Amir:
Malam, Allah ya saka da alheri. Na sha karanta surar nan amma ban taɓa haɗa ayoyin biyu a haka ba.

Dakta Mai Sauraro:
Ni aikina kula da lafiyar tunani ne, kuma iyaye irinku suna yawan zama a gabana. Maman Amir, abin da kika kwatanta masana sun daɗe da saninsa. A 1962 wani mai ba iyaye shawara a Amurka, Simon Olshansky, ya yi rubutu a kan iyayen yara masu raunin fahimta. Ya ce baƙin cikinsu ba mai ƙarewa ba ne, yana lafawa yana tasowa tsawon rayuwa, kuma wannan ba cuta ba ce, martani ne na mai lafiyayyen hankali ga abin da bai gushe ba. Har ya ja kunnen ma'aikatan lafiya da su daina matsa wa iyaye a kan wai sai sun “karɓi” lamarin sun rufe babin.

Abin da ya rikita mutane shi ne matakai biyar da likita Elisabeth Kübler-Ross ta kawo a 1969: ƙin yarda, fushi, neman sasanci, tsananin damuwa, sai karɓa. Ita a kan marasa lafiya da ke gab da mutuwa ta yi aikinta. Daga baya aka yi ta yafa matakan a kan kowane irin rashi, har mutane suka ɗauka kamar azuzuwa ne, in ka gama wannan ka shiga na gaba, ba komawa baya. Sai uwa ta ga ta kai “karɓa” tun shekara biyar da suka wuce, yau kuma ga ta cikin fushi, ta ce ta faɗi jarrabawa. A 1999 wasu masana biyu a ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, suka kawo bayanin da ni na fi gamsuwa da shi: mai baƙin ciki kai-komo yake yi tsakanin fuskantar rashin da kuma shagaltuwa da hidimar rayuwa, kuma wannan kai-komon shi ne lafiyar.

Lokutan da abin ke tasowa ma kusan sanannu ne: ranar da aka tabbatar da lalurar, lokacin da ya kamata yaro ya fara tafiya ko magana, shiga makaranta, ranar da ƙani ya wuce yayansa, balaga, sai lokacin da iyaye suka fara jin tsufa. Kamar tsohuwar karaya ce, ƙashi ya haɗe kana tafiyarka, amma in sanyi ya shigo sai ka ji wurin.

Inda nake so ku sa ido shi ne bambancinsa da ciwon damuwa. Baƙin cikin da muke magana yana zuwa ya tafi, a tsakani kina iya dariya kina jin daɗin ɗanki. In kuwa ya kai mako biyu ko fiye kullum zuciya a cunkushe, babu abin da ke miki daɗi, barci da cin abinci sun lalace, kina ganin kanki ba ki da amfani, to a je asibiti, yana da magani. In tunanin cutar da kai ko cutar da yaron ya fara zuwa, a ranar za a nemi taimako, ba a jira gobe.

Mai Keke:
Na daɗe ina karanta ku ban taɓa sa baki ba, yau dai zan yi, ku yi mini haƙuri iyayena. Ni ba uba ba ne, ni ne yaron. Irin lalurar Amir ce da ni, yanzu na haura talatin, ina aikina da kwamfuta. Malam Abu Hafsa, da farko ni ba ruɓaɓɓen hannu ba ne. Na girma ina jin wannan karin maganar ana faɗa wa mahaifiyata a gabana, ana ganin ba na fahimta.

Amma maganata da iyaye ce. Mu muna gani. Yaron da bakinsa ba ya fita da kyau idonsa na aiki. Na san fuskar da mahaifiyata take yi in yaran maƙwabta suka wuce da gudu, kuma na daɗe ina ɗauka ni ne ciwonta. Kun san nauyin yaro ya taso yana jin kamar ana zaman makokinsa alhali ga shi a zaune? Wa kuke wa kukan, mu ko wani yaron da kuka zana a ranku bai zo ba?

Maman Amir:
Innalillahi. Wannan magana ta dake ni. Ɗana, ban taɓa yi a gabansa ba, ɗaki nake shiga.

Mai Keke:
Mama, ban ce ke kin yi ba. Ita ma tawa ɗaki take shiga. Idon da aka fito da shi daga ɗakin ne yake ba da labari.

Ummu Salma:
To yanzu ya za mu yi? A waje an ce kada mu yi kuka don imani, a gida kuma kada mu yi don yaro. Mu ba mutane ba ne? Ina za mu kai shi?

Dakta Mai Sauraro:
Mai Keke ba shi ne farkon wanda ya faɗi haka ba. A 1993 wani ɗan Amurka mai galahanga, wato otizim, lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane, Jim Sinclair, ya yi wa iyaye jawabi a wani taro a Toronto, kuma kusan abin da ya ce ke nan: iyaye suna da haƙƙin yin baƙin cikin burin da ya rushe, amma su kai shi wani wuri, wurin mai ba da shawara ko wurin iyaye irinsu, kada su ɗora shi a kan yaron da ke gabansu yana jiran a san shi yadda yake. Ni ban ga saɓani tsakaninku ba. Hajiya tana cewa dole ciwon ya samu mafita, shi yana cewa kada mafitar ta zama shi.

Mai Keke:
Dakta, akwai ɗan saɓani, kada mu shafe shi. Ni da mahaifiyata ta zaunar da ni ta ce, yau raina ya ɓaci don an hana ka shiga makaranta, ba don kai ba, da na huta da shekaru masu yawa na zargin kaina. Ɓoyewar ce ta cuce ni. Yaro in ba a faɗa masa dalili ba, kansa yake ɗora wa laifi.

Malamar Aji:
Ina koyar da yara masu buƙata ta musamman, kuma ina bayan Mai Keke a nan. Zan ma ƙara wani abu da wataƙila ba zai yi wa wasu daɗi ba. Rabin abin da iyaye ke kira baƙin ciki, in ka tona, gajiya ce da wulaƙanci. Uwar da ta yi shekaru ba ta yi barcin dare cikakke ba, bayanta ya ƙage saboda ɗaukar yaron da nauyinsa ke ƙaruwa, ta bar aikinta, ƙawaye sun janye, ga kallon da ake binta da shi a hanya, wannan ko dutse ce sai ta yi kuka. Maman Amir, ki duba abin da ya tayar miki: yara sun tafi makaranta, naki yana gida. Da akwai ajin da zai karɓe shi da kujerarsa, da shi ma ya rataya jakarsa. Lalurar ba ta hana shi koyo ba, yara da yawa masu irin lalurarsa fahimtarsu garau take.

UNICEF ta ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan miliyan 240 ne ke da nakasa a duniya, wato ɗaya cikin goma, kuma sun fi sauran yara fuskantar rashin shiga makaranta. Tun 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu nakasa, har da haƙƙin karatu tare da sauran yara. Takarda dai ta daɗe da samuwa.

Ummu Salma:
Malama, rabi na yarda, rabi ban yarda ba. Ko da duniya ta gyaru tsaf, ranar da na ga 'yata tana ƙoƙarin faɗa mini inda ke mata ciwo ta kasa, babu wata yarjejeniya da za ta cire mini wannan.

Malamar Aji:
Haka ne Hajiya. Shi ya sa na ce rabi.

Baban Walida:
Tunda aka fara mata ne ke magana, bari in faɗi namu. 'Yata tana da galahanga. Da aka faɗa mana, kowa matata ya riƙa yi wa sannu, ni kuma ana tambayata yaya take. Babu wanda ya ce kai fa? Sai na zuba kaina cikin aiki, ina fita da sassafe ina dawowa dare, ina ce wa kaina kuɗin asibiti nake nema. Ita tana ganin na gudu na bar ta, ni ina ganin kukanta ya yi yawa. Abu ɗaya ne ke cin mu amma kowa da yadda yake ɗauke da shi. A mota nake nawa kukan. Na tabbata akwai maza a nan da suka san abin da nake nufi, ba za dai su rubuta ba.

Har wani ya taɓa turo mini cewa kashi 80 na auren iyayen masu galahanga mutuwa yake. Dakta, gaskiya ne?

Dakta Mai Sauraro:
Ba gaskiya ba ne, wannan adadin yawo kawai yake yi ba shi da tushe. Wani bincike da Sigan Hartley da abokan aikinta suka fitar a Amurka a 2010 ya samu kimanin kashi 23.5 na rabuwar aure a irin waɗannan iyalai, a sauran kuma kashi 13.8. Ya ɗara, amma ka ga akasarin auren yana nan. Wani binciken na 2007 a jihar Tenesi ma ya samu iyayen yara masu lalurar Daun sun fi sauran ƙarancin rabuwa. Abin da na fi ganin yana cinye aure a ɗakin shawara shi ne neman mai laifi.

Kakar Yara:
Yauwa, nan nake jira. Ni jikana ne, ɗan ɗana. Da aka haife shi da lalurar Daun, 'yan'uwana suka ce a danginmu babu wannan, daga wajen uwar ne. Yarinyar nan ta sha baƙar magana. Sai da likita ya zaunar da mu ya ce ƙwayoyin gado da ake kira kromosom 46 ne a kowace ƙwayar halittar jikin mutum, shi yaron yana da 47, ƙari ɗaya a na 21, kuma tun wajen haɗuwar ciki abin yake faruwa. Ba abin da ta ci ba ne, ba wani abin da ta yi ko ta bari ba. Na ce duk mai sake buɗe baki a kan surukata da ni zai yi.

Dakta Mai Sauraro:
Allah ya ƙara girma, Hajiya Kaka. A 1959 aka gano wannan ƙarin kromosom a Faransa. Kuma ɗora wa uwa laifi ba jahilai kaɗai suka yi ba, har da masu digiri. Bayan likita Leo Kanner ya bayyana galahanga a 1943, an yi shekaru ana cewa rashin nuna ƙauna daga uwa ne ke jawo ta, wani masanin halayyar yara Bruno Bettelheim ya yi ta yaɗa haka, iyaye mata suka rayu da wannan zargin. Daga baya bincike ya rushe maganar gaba ɗaya, aka gano gado na da babban kaso a ciki. Haka zancen cewa allurar rigakafi ce ke jawo galahanga: mujallar Lancet da ta buga shi a 1998 ta janye shi a 2010.

Maman Amir:
Ni nawa zargin babu wanda ya ɗora mini, ni nake ɗora wa kaina. Da na kai shi asibiti ranar da na fara ganin idonsa ya yi rawaya.

Kakar Yara:
'Yata, a ranar kin san abin da shawara ke iya yi wa ƙwaƙwalwar jariri? Ba ki sani ba. Yau kika sani. Kada ki ɗauki sanin yau ki yi wa yarinyar da kike a lokacin shari'a da shi.

Mai Kula da Zaure:
Na goge saƙon wani da ya shigo tallan maganin da wai yake warkar da galahanga da shanyewar jiki cikin wata guda. Duk wanda ya bi ku ta bayan fage da irin wannan ku sanar da ni. Ku ci gaba.

Malamar Aji:
Madalla. Raunin da ya samu ƙwaƙwalwa a lalurar Amir ba ya ƙaruwa, ba ya kuma gogewa, amma gashin ƙashi da horon magana suna canza abin da yaro zai iya yi sosai. Masu ƙananan yara kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin horar da masu reno na yara 'yan shekara 2 zuwa 9 masu jinkirin girma, ana samunsa a intanet, har da darasin yadda mai reno zai kula da kansa.

Abu Hafsa:
To ni tambayata tana nan. In na haɗu da uwa ko uba a wannan hali, me zan ce?

Baban Walida:
Ka tambayi sunan yaron, ka gaishe shi shi da kansa. Ka ce me yake so, me ke sa shi dariya.

Ummu Salma:
Ko ka ce matarka ta zo ta zauna da shi awa biyu uwar ta yi barci. Haƙurin ma ka bayar, ba mu ƙi ba, amma bayan ka saurara.

Ni yanzu abin da ke hana ni barci daban ne: wa zai riƙe ta bayan raina? Na karanta cewa a Amurka a 1983 masu lalurar Daun kimanin shekara 25 suke yi a duniya, yanzu kuwa suna kaiwa wajen 60. Na yi murna, sai kuma gabana ya faɗi, don ke nan da wuya in ba ita za ta binne ni ba. Na sayi littafi ina rubuta komai: magungunanta, abin da ke tsorata ta, yadda take nuna ciwo, wanda take yarda ya taɓa ta. Ƙanwarta nake sa rai, amma ina jin nauyin ɗora mata.

Kakar Yara:
Kin taɓa tambayar ƙanwar? Yaran nan masu lafiya su ma suna da nasu ciwon, sun ga hankalin iyaye ya tafi wuri ɗaya sai su koyi yin shiru. Ki zaunar da ita tun yanzu ki ji ta bakinta, kuma kada ki bar wa mutum ɗaya. A raba: wannan kuɗi, wannan asibiti, wannan wurin zama.

Mai Keke:
Hajiya Ummu Salma, littafin nan ku rubuta shi tare da Salma. Shekararta goma sha tara, tana da wanda take so ta zauna da shi da wanda ba ta so. Ki tambaye ta, ko da nuni za ta amsa.

Ummu Salma:
Amsar ma na san ta, wajen ƙanin babanta za ta ce, shi kaɗai ne yake zama ya saurari labarinta har ƙarshe. Matsalar matarsa ce ban san ra'ayinta ba. Zan fara da ita.